Ikilisiyar Katolika Da Waɗanda Aurensu Ya Mutu

A shirinmu na tarihin ikilisiya yau za mu leƙa gidan 'yan'uwanmu 'yan Katolika, mu ga yadda suka yi da wata matsala da ke damun kowace ikilisiya, wato mace ko namiji da aka ɗaura wa aure a gaban bagade, daga baya auren ya mutu. Mun zaɓe su ne domin suna cikin Kiristocin da dokar aurensu ta fi tsanani. In har su sun sami hanyar riƙon bazawara ba tare da sun kwance koyarwarsu ba, ya kamata mu ji yadda abin ya kasance.

Bari mu fara da wata mace. A birnin Roma, wajen ƙarshen ƙarni na huɗu, an yi wata 'yar babban gida mai suna Fabiyola. Mijinta na fari mugu ne, fasiƙi, har Jerom, malamin nan da ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya shaida cewa ko baiwa ba za ta iya jimre halinsa ba. Dokar Roma ta ba ta izini, ta rabu da shi, ta auri wani alhali na farin yana da rai. Sa'ad da miji na biyu ya rasu, sai ta sa tsummoki, ta tafi babbar majami'ar Lateran a jajiberin Ista, ta tsaya cikin masu tuba a gaban bishop da dukan jama'a, mutane suna ta kuka. Aka karɓe ta, ta koma cin Jibin Ubangiji. Daga nan ta sayar da dukiyarta, ta buɗe asibiti domin matalauta, ita da kanta take ɗauko marasa lafiya daga titi, tana wanke musu miki. Ta rasu a shekara ta 399, jama'ar Roma kuwa suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu wurin jana'izarta. Har yau 'yan Katolika suna lissafta ta cikin tsarkaka.

Jerom bai yarda da aurenta na biyu ba, bai kuwa ɓoye wannan ba. Amma a wasiƙar da ya rubuta a kanta ya tsaya mata, ya nuna ƙuruciyarta da azabar da ta sha, ya kuma ce a wurin Almasihu abin da aka haramta wa mace an haramta wa namiji, ko da dokar Kaisar ta sassauta wa maza. Wannan magana ta fi shekara 1,600, amma akwai majalisun dattawa a ikilisiyoyinmu da har yanzu ba ta kai kunnensu ba.

Koyarwar Ubangiji a kan kisan aure tana cikin Matiyu 19 da Markus 10, ta Manzo Bulus kuma a 1 Korantiyawa 7. Kirista ba su fahimci waɗannan wurare iri ɗaya ba. Ikilisiyoyin Gabas sun bar ƙofar aure na biyu, amma da addu'o'in tuba a cikin hidimar. Luther da Calvin sun yarda a sake aure in an yi zina, ko in ɗaya ya gudu ya bar ɗaya. Roma ta ƙi. A shekara ta 1563 Majalisar Trent ta tabbatar cewa aure sakramenti ne, ko zina ma ba ta tsinke igiyarsa. A nan sai mu lura sosai, gama a nan ne rikicin ya taso. Dokar Katolika ba ta taɓa tilasta wa mace zama da mijin da ke neman ranta ba. An yarda ma'aurata su raba gida in akwai zina ko mugun duka. Abin da aka hana shi ne sabon aure muddin abokin aure na fari yana da rai.

A Amurka bishop-bishop suka ƙara gishiri. A babban taronsu na uku a Baltimore, a 1884, suka sa doka cewa duk ɗan Katolika da ya kashe aure a kotun gwamnati ya sake yin wani, ya fita daga tarayyar ikilisiya nan take, ba sai an yi masa shari'a ba. Kundin dokokin da Roma ta fitar a 1917 ya ɗora wa irin waɗannan mutane tambarin rashin mutunci. Dokar ta shafi masu sake aure ne kaɗai, amma jita-jita ta fi doka gudu. Talakawan ikilisiya suka ɗauka duk wanda aurensa ya mutu an kore shi ke nan. Mata da yawa waɗanda mazansu suka gudu suka bar su da 'ya'ya, ba su sake aure ba, ba su yi laifin kome ba, suka daina zuwa karɓar Jibi shekara da shekaru, waɗansu ma suka daina shiga majami'a ɗungum. Babu dokar da ta kore su. Kallon da ake yi musu a bakin ƙofa ya isa.

Sai zamani ya juya. A 1969 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta ba da izinin kashe aure ba sai an tabbatar da laifin kowa ba, sauran jihohi suka bi sahu. Italiya, ƙasar da fadar Paparoma take a tsakiyarta, ta halatta kisan aure a 1970, a shekarar da mu ma a Nijeriya gwamnatin soja ta kafa dokar shari'ar aure da kotunanmu ke aiki da ita. A 1975 aurarrakin da suka mutu a Amurka cikin shekara guda suka zarce miliyan ɗaya, karo na farko ke nan. 'Yan Katolika suna ciki kamar kowa. Fada ba ya iya cewa matsalar ta maƙwabta ce, gama ga ta zaune a bencin gabansa, ko kuwa ga gurbin da ta bari a bencin.

Gyaran bai faro daga Roma ba. A farkon shekarun 1970, a birnin Boston, wani matashin fada na ƙungiyar Paulist mai suna James Young ya fara zama da 'yan Katolika waɗanda aurensu ya mutu. Ba wani babban abu aka yi ba. An ba su ɗaki a harabar ikilisiya, suka haɗu, suka yi addu'a, kowa ya faɗi abin da ke cin ransa, fada ya bayyana musu abin da doka ta ce da abin da ba ta ce ba. Waɗansu a nan suka fara jin cewa ba a taɓa korarsu ba. Ƙananan ƙungiyoyi irin wannan suka bazu gari gari, har wajen tsakiyar shekarun nan suka haɗu suka zama ƙungiya ɗaya ta Amurka da Kanada, tana yin taronta a Jami'ar Notre Dame.

A daidai wannan lokaci, a Fort Worth ta jihar Texas, wata sista mai suna Josephine Stewart tare da wata ƙawarta da aurenta ya mutu suka shirya wani taron kwana uku, daga Jumma'a zuwa Lahadi, wanda ake kira Beginning Experience, wato sake farawa. Masu jagorar taron ba malaman tauhidi ba ne, mutane ne da suka bi ta wannan wuta suka fito. Ɗaya ya tashi ya ba da labarinsa, sa'an nan kowa ya keɓe ya rubuta nasa a takarda, a dawo a zauna ƙungiya ƙungiya a saurari juna. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, sun haɗa wadda mijinta ya rasu da wadda mijinta ya sake ta a ɗaki ɗaya, domin sun gane dukansu makoki suke yi.

Mu tsaya a nan kaɗan, gama Hausa ta riga Turawa gane wannan. Mu ne muke cewa aure ya mutu. Mu ne kuma muke kiran wadda aka saka da wadda mijinta ya rasu da suna ɗaya, bazawara. Amma dubi bambancin da muke yi. In miji ya rasu, Zumuntar Mata za ta zo da itace da tukwane, fasto zai zo da dattawa, a kwana ana waƙa, a yi ta zuwa gaisuwa har mako ya zagayo. In aure ne ya mutu, wa yake zuwa gaisuwa? Ita ma ta rasa miji, ta rasa ɗaki, sau da yawa ta rasa 'ya'yan da dangin uba suka riƙe, ga iyayenta suna fama da maganar mayar da sadaki. Abin da take samu daga wurinmu shi ne tambaya, wa ke da laifi. A hidimarmu mun zauna a majalisun da suka sa mace a bencin baya tun ba a gama jin bakinta ba, mijin kuwa yana nan a kujerarsa ta mawaƙa. Ba mu faɗi wannan domin mu zargi kowa ba, da hannunmu a ciki.

Mu koma ga tarihi. Muryar waɗannan ƙungiyoyi ta kai kunnen shugabanni. A 1977 bishop-bishop na Amurka suka roƙi Paparoma Paul na Shida ya soke hukuncin Baltimore, ya kuwa soke shi, bayan shekara 93. A 1981 Paparoma John Paul na Biyu ya fitar da doguwar wasiƙa a kan iyali mai suna Familiaris Consortio, inda ya raba maganar kashi biyu. Wanda aka rabu da shi bai sake aure ba, babu abin da ya hana shi Jibi, wajibi ne ma ikilisiya ta tallafe shi, ta girmama shi. Wanda ya sake aure kuwa, kada ya ɗauki kansa bare, ya zo Mas, ya ji Maganar Allah, ya yi renon 'ya'yansa cikin bangaskiya, fada kuma ya bambanta wanda aka yasar ba da hakkinsa ba da wanda ya rushe gidansa da hannunsa. Amma Jibi, Paparoma ya ce a'a, sai in sun yarda su zauna kamar wa da ƙanwa. Sabon kundin dokoki na 1983 ya cire tambarin rashin mutuncin nan. A 1993 bishop uku na Jamus, Kasper da Lehmann da Saier, suka nemi a bar wa lamirin mutum wuri bayan ya yi shawara da fadansa. Cardinal Ratzinger ya amsa daga Roma a 1994, ya rufe ƙofar.

Babbar hanyar da ta rage wa mai son sake aure ita ce kotun aure ta ikilisiya. Wannan kotu ba ta kashe aure. Aikinta ta bincika ko auren ya ɗauru tun ranar farko, misali ko an yi wa yarinya dole, ko ɗaya ya ɓoye wani babban abu da gangan, ko ya shiga da niyyar ba zai riƙe alkawari ba. In ta ga bai ɗauru ba, sai ta yi shela, mutum ya sami 'yancin aure, 'ya'yan da aka haifa kuwa doka ta ce 'ya'yan halal ne. Sai dai hanyar tana da tsawo da tsada, har akwai lokacin da Amurka kaɗai take samun fiye da rabin irin wannan hukunci a duniya duka, gama can ne ake da lauyoyin ikilisiya da kuɗin biyansu. Matar ƙauye da ke nesa da hedkwatar dayosis fa? A 2015 Paparoma Francis ya rage wahalar. Ya soke ƙa'idar cewa sai kotu biyu sun yi hukunci iri ɗaya, ya ba bishop ikon yanke shari'ar da ta fito fili da kansa cikin ɗan lokaci, ya kuma nemi a yi aikin kyauta gwargwadon iko.

Maganar Jibi ita ce ta ƙi ƙarewa. An yi ta kai da kawowa a kanta a manyan tarurruka biyu na bishop-bishop a Roma, 2014 da 2015. Shugabannin Afirka da yawa, musamman Cardinal Robert Sarah na ƙasar Gini, suka tsaya kada a taɓa tsohuwar ƙa'ida. Ba mu ga laifinsu ba, gama mutumin da yake gaya wa mai mata uku ya jira baftisma, da wane baki zai sassauta wa Bature mai aure na biyu? A 2016 Francis ya fitar da Amoris Laetitia. A babi na takwas ya ce a bi kowane mutum da halinsa, a raka shi, a auna nauyin laifinsa, a wani ɗan bayani na ƙasan shafi kuma ya nuna cewa a waɗansu lokatai taimakon ikilisiya yana iya haɗawa da sakramenti. Cardinal huɗu suka aika masa da tambayoyi biyar a rubuce, bai amsa musu ba. Bishop-bishop na Malta da na yankin Buenos Aires suka buɗe ƙofar da sharuɗɗa, na Poland suka riƙe yadda John Paul ya bari. Francis ya rasu a watan Afrilu na 2025 ba a daidaita ba.

A ganinmu, wannan gardama ta manya ta rufe abin da ya fi taɓa mutane. Yawancin waɗanda suka shiga ɗakin nan na Boston ba hukuncin Roma ya fara warkar da su ba, samun wanda zai saurare su ne. Shirin Sista Josephine kuwa ya haye teku, ya kai Ingila da Ireland da Ostireliya, yana kuma karɓar wanda ba ɗan Katolika ba.

A shiri na gaba za mu ɗauki Yahaya sura 4, labarin matar nan ta Samariya da ta yi maza biyar. A karanta surar duka kafin lokacin, a lura da wanda ya fara yi wa wani magana a bakin rijiyar. Ubangiji ya kiyaye mu, sai mun sake saduwa.