Daga Randa Zuwa Kwalba, Daga Kwalba Zuwa Chapman

A Sharaɗa na tashi, inda jiniyar kamfani ce agogonmu. Kakata kuwa ta ce a zamaninsu baƙo ba ya zama sai an kawo masa fura da nono a ƙwarya, ko kunun zaƙi mai citta da kanumfari, ko ruwan tsamiya da ya kwana a randa. Haɗa abin sha sana'ar uwargida ce tun fil azal.

Sai kwalba ta shigo. A 1951 aka kafa Nigerian Bottling Company a Legas, a 1953 ya fara ɗura Coca-Cola. Daga baya lemon ya iso Kano, garin da Bompai ta fara tara masana'antu, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya. A Challawa ma kamfanin ya kafa masana'antarsa. Nan fa kiret ya zama ma'aunin biki, kunu ya koma wai na ƙauye.

Da tsarin SAP ya zo a 1986 kaya suka yi tsada, iyayenmu suka waiwayi zoɓo, suna ƙullawa a leda da ƙanƙara, suna biyan kuɗin makaranta da shi.

Yanzu kuma Chapman ake yayi a wajen kamu da walima. Daga Legas ya zo mana: Fanta da Sprite, jan sirof, lemon tsami, kokwamba da ƙanƙara. To amma uwargida, a haɗinsa na asali ana ɗiga Angostura bitters, wanda wani likita Bajamushe ya fara haɗawa a 1824 a Benezuwela. Barasar da ke cikinsa kashi 44.7 cikin 100 ce, a jikin kwalbar aka rubuta. Wallahi ni kaina na taɓa saye don bikin ƙanwata, sai da maigidana ya karanta min jikina ya yi sanyi.

Kin ga mafita tana kicin ɗinki. Dafa zoɓo da ɓawon abarba, citta da kanumfari, ki tace, ya huce. Shi zai ba ki ja da tsami. Zuba lemonki a kai, ki yanka kokwamba. Zoɓon nan da muke rainawa har Meksiko ake fitar da shi daga Kano da Jigawa.

Don Allah amarya, ki riƙa karanta kwalba kafin ki shayar da baƙinki. Allah Ya tsare mana imaninmu, amin.