Tibhirin: Labarin Ruhubanawan Da Suka Ƙi Guduwa

Mai karatu, idan aka ce maka "jarumi", na san abin da ke faɗo maka a rai: saurayin nan na fim ɗin Indiya da ke doke ƙarti goma shi kaɗai, ko wanda marubuciya za ta cinye shafi uku tana yabon faɗin ƙirjinsa. To, waɗanda zan ba ka labarinsu yau ba haka suke ba. Babbansu ɗan shekara 82 ne mai fama da asma, ƙaraminsu kuma 45. Babu bindiga ko ɗaya a gidansu. Abin da suka yi kawai shi ne an ce su tashi, suka ce ba za su tashi ba.

Tibhirin wani ƙauye ne a kan duwatsun Atlas, kusa da garin Mediya, kudu da Aljiyas, babban birnin Aljeriya. A 1938 aka kafa gidan ibada na ruhubanawan Katolika a wurin, wato mazan Kirista da suka haƙura da aure da dukiya, suka keɓe don addu'a da aikin hannu. Faransawa ne, maƙwabtansu kuwa kaf Musulmi. Suna noma tare da mutanen ƙauyen, suna kiwon zuma, har wani ɗaki suka bayar a harabarsu aka mai da shi masallaci. Ɗaya daga cikinsu, Luc Dochier, likita ne da ya zo a 1946, ya yi kusan shekara 50 yana duba marasa lafiya ba tare da ya tambayi addinin kowa ba.

Shugabansu, Christian de Chergé, yana da nasa dalilin zama. A 1959, lokacin yaƙin neman 'yancin Aljeriya, yana matashin soja a ɓangaren Faransa, ya yi abota da wani magidanci Musulmi mai suna Muhammad, mai 'ya'ya goma. Wata rana 'yan tawaye suka tare su, Muhammad ya shiga tsakani ya ce wannan mutumin kirki ne, a ƙyale shi. Aka ƙyale shi. Washegari aka tsinci gawar Muhammad. Wannan bashi ne Christian ya ɗauka a wuyansa har ƙarshen ransa. Ya dawo Aljeriya a 1971, ya karanci Larabci da Alƙur'ani, ya zama shugaban gidan a 1984.

Sai ƙasa ta rikice. A Disamba 1991 jam'iyyar FIS ta masu kishin Musulunci ta lashe zagayen farko na zaɓe, a Janairu 1992 soja suka soke shi. Yaƙin basasar da ya biyo baya ya ci sama da mutum 100,000, kuma kada ka manta, kusan dukkansu Musulmi ne, ciki har da limamai da 'yan jarida. A ƙarshen 1993 ƙungiyar 'yan bindiga ta GIA ta ce duk wani baƙo ya bar ƙasar. Ran 14 ga Disamba aka yi wa ma'aikata 12 'yan Kuroshiya yankan rago, 'yan kilomitoci kaɗan daga Tibhirin.

Kwana goma bayan haka, a jajibirin Kirsimeti, sai ga mutanen a ƙofar gida, ƙarƙashin wani kwamanda mai suna Sayah Attia. Abu uku ya nema: kuɗi, magani, da likita ya bi su daji. Christian ya fara da ce masa ba a shiga gidan nan da makami, su fita waje su yi magana. Ka ji fa! Sannan ya ƙi duka ukun: su ba masu kuɗi ba ne, magani na marasa lafiyar ƙauye ne, likita kuma ya tsufa, amma duk wanda ya zo ɗakin shan magani za a duba shi. Ya ƙara da cewa daren haihuwar Annabi Isa ne a wurinsu. Attia ya ba da haƙuri ya juya.

Kada ka ɗauka ba su ji tsoro ba. Sun ji, ƙwarai ma, har wasunsu suka so a tafi. Hukuma ta yi musu tayin masu gadi ko a mai da su cikin gari, suka ƙi, don karɓar bindigar wani ɓangare shiga yaƙi ne. Suna kiran sojoji "'yan'uwanmu na fili", 'yan tawaye kuma "'yan'uwanmu na dutse". Sun yi ta zama suna shawara, kowa ya faɗi ra'ayinsa, kullum a ƙare a kan magana ɗaya: su suna da fasfo da ƙasar da za su koma, maƙwabtansu fa ina za su? A ganina nan jarumtar take. Tsayawa gaban bindiga na minti goma abu ne, kwana da tashi sama da shekara biyu kana jiran a buga ƙofa kuwa wani abu ne daban.

A wannan tsakanin Christian ya rubuta wasiyya ya aika wa danginsa. A ciki ya roƙi kada a ɗora wa Musulunci ko mutanen Aljeriya laifin mutuwarsa, ya kuma yafe wa wanda zai kashe shi tun kafin ya san fuskarsa.

An buga ƙofar a daren 26 wayewar 27 ga Maris, 1996. Su tara ne a gidan, aka tafi da bakwai: Christian, Luc, Christophe, Michel, Bruno, Célestin da Paul. Ran 23 ga Mayu sanarwa da sunan GIA ta ce an kashe su kwana biyu kafin nan. A ƙarshen watan aka tsinci kawunansu kusa da Mediya, gangar jikin kuwa ba a gan ta ba. An yi ta jayayya kan wanda ya kashe su. A 2009 wani tsohon janar na Faransa, François Buchwalter, ya shaida wa alƙali cewa an faɗa masa jirgin sojan Aljeriya mai saukar ungulu ne ya harbe su bisa kuskure. Hukumomin Aljeriya sun tsaya a kan cewa GIA ce.

Kai da ke son kallo, nemi fim ɗin Des hommes et des dieux na darakta Xavier Beauvois, wanda ya fito a 2010 ya ci babbar kyauta a bikin finafinai na Cannes. A Maroko aka ɗauke shi, Lambert Wilson ya fito a Christian, Michael Lonsdale a likita. Amma in gaya maka tun yanzu, babu rawa, babu soyayya, waƙar da ke ciki ma yawanci ta ibada ce. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda wani daga cikinsu ya kwatanta kansu da tsuntsaye a kan reshe, sai wata matar ƙauye ta gyara masa zance, ta ce ai mutanen gari ne tsuntsayen, ruhubanawan su ne reshen.

Ran 8 ga Disamba, 2018, Cocin Katolika ta karrama su a birnin Oran cikin mutum 19 da aka kashe a wannan yaƙi, limaman Musulunci na zaune a wurin taron. Su biyun da maharan ba su gani ba a daren nan, Amédée ya rasu a 2008. Jean-Pierre Schumacher kuwa ya ci gaba da zaman ibadarsa cikin Musulmi a garin Midelt na Maroko, har ya rasu a Nuwamba 2021 yana da shekara 97.