Jijjiga da Maƙwabtanta: Tarihin Kalma a Ƙasar Adar

Kalmar jijjiga asalinta aikatau ce mai nufin girgiza abu da ƙarfi, kamar yadda ake jijjiga itace don ƴaƴansa su zubo. Daga nan aka are ta ga jikin ɗan Adam, ta zama sunan fizgar da kan kama mutum, gaɓoɓinsa su yi ta karkarwa ba da sonsa ba. Ke nan alama take nunawa, ba cuta guda ba.

Tana da maƙwabta uku. Ta farko farfaɗiya, wadda ta samu daga ninka saiwar faɗi, inda ɗ ta ƙarshen gaɓa ta koma r, bisa ƙa'idar da Klingenheben ya bayyana a 1928. Ta biyu sanƙarau, daga sanƙare, saboda ƙagewar wuya. Ta uku tsinkau-tsinkau, wadda ma'aikatan lafiya suka keɓe ga cutar da kan shiga ta rauni ko ta cibiyar jariri.

A da, akan danganta irin wannan fizga ga iskoki, a nemi maganinta wurin boka ko ƴan bori, waɗanda Nicole Echard ta yi nazarinsu a Adar, littafinta ya fito a 1989. Zuwan likita ya tilasta rarrabewa. A 1963 Lapeyssonnie ya zana iyakar yankin da sanƙarau ke addaba, Nijar tana tsakiyarsa; aka sha babbar annoba a 1995, aka soma sabon rigakafi a 2010.

A gundumomin Madawa, Buza da Kaita, cikin jihar Tawa, lokaci ma shaida ne: sanƙarau ɗan rani ne, jijjigar yara kuwa takan yawaita da damina, tare da zazzaɓin cizon sauro. Akwai kuma batun furuci, domin Adarawa kan ce hwaɗi a maimakon faɗi, kamar yadda Bernard Caron ya nuna a nazarinsa na 1991.

Saboda haka ya kamata masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su bar jijjiga ga alama, su ba kowace cuta sunanta. In aka kira jijjigar zazzaɓi farfaɗiya, uwa tana iya ɓoye ɗanta don gudun tsangwama, alhali gaggawar kai shi likita ce za ta cece shi.