Wa zai fito a Malam Zurƙe? Abin da ake dubawa wajen zaɓar 'yan wasa ga littattafan almara na Hausa

Tun da shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina suka sabar wa masu kallo jiran ci gaban labari mako-mako, tsohuwar muhawarar masu karatu ta sake samun gindin zama: in za a mayar da Ruwan Bagaja ko Ganɗoki shirin talabijin, wa ya dace da wane gurbi? Ba Hausawa kaɗai ke wannan lissafi ba. Haka masu karatun George R.R. Martin suka yi kafin HBO ta fara nuna Game of Thrones a 2011.

Littattafan biyu 'ya'yan gasa ɗaya ne, wadda Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East. Marubutansu kuma wa da ƙane ne: Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, ƙanensa Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja. Dukansu sun kafa ƙafar labarinsu a Kwantagora, maƙwabciyar ƙasar Yawuri, kafin su lula duniyar aljanu. Saboda haka mutumin Warra ko Ngaski ba baƙo ba ne a wannan magana.

An taɓa gwada irin wannan aiki. Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, Umaru Ladan ya fito a Shaihun, aka kuma gyara fim ɗin aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Gidan talabijin na NTA ya yi Magana Jari Ce, inda marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya bar sawun da har yau ake auna na baya da shi.

Gurbin da ya fi wuyar cikawa a Ruwan Bagaja ba na Alhaji Imam ba ne, duk da shi ne ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Na Malam Zurƙe ɗan Muhamman ne. Su biyun suna haɗuwa gari bayan gari, kowa na rama abin da ɗan'uwansa ya ƙulla masa, kuma daɗin littafin yana cikin wannan ramuwa. Sunan da zai fara zuwa bakin mai kallon Kannywood shi ne Rabilu Musa Ibro, sai dai ya rasu a Disambar 2014. A cikin masu rai, Sulaiman Bosho na da fuskar da ke sa dariya tun bai buɗe baki ba, Mustapha Naburaska na da zafin harshe. Amma Zurƙe ba wawa ba ne. Mayaudari ne mai kaifin basira, wanda ke shan kashi ya tashi ya shirya sabon tuggu. In aka mai da shi ɗan barkwanci kawai, Alhaji ya rasa abokin karawa, labarin kuwa ya sace kamar tayar keke. Wanda zai ɗauki gurbin sai ya iya sa mai kallo ya yi dariya yana kuma jin tsoron abin da zai biyo baya.

Alhaji Imam kansa na da tasa matsalar, domin tsoho ne yake ba Koje Sarkin Labari tarihin ƙuruciyarsa. Ke nan mutum biyu ake bukata masu kama da juna: saurayi mai yawo da dattijo mai ba da labari. Wannan kaɗai ya isa ya rushe yawancin jerin sunayen da ake yi don farin jinin jarumi.

Magana Jari Ce ta fi sauƙi ta wani gefen. Sarki Abdurrahman da mugun Wazirinsa gurabe ne da dattawan masana'antar irin su Ibrahim Mandawari da Shehu Hassan Kano suka saba da makamantansu. Amma tauraron littafin aku ne, wanda ke tsare Musa ɗan sarki da labari don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. A nan murya ake nema, ba fuska ba, kuma mai karanta labarai a rediyo na iya fin kowane jarumi dacewa.

Ganɗoki ne ke da nauyin da ya wuce na nishaɗi. Jarumin barde ne da ya yi yaƙi da Turawa a zamanin da suka ci Kwantagora a 1901, lokacin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. A littafi gwarzo ne. A ƙauyukan Kambari da sassan ƙasar Yawuri kuwa, abin da kakanni suka bari na wancan zamani shi ne labarin hare-haren kamen bayi daga Kwantagora. Ɗan wasan da aka ɗora wa sulken Ganɗoki zai shiga gidajen jikokin ɓangarorin biyu a dare guda. Ƙirar jiki da iya hawan doki ba za su wadatar ba, kuma marubucin shirin sai ya yanke shawarar ko waɗanda aka kai wa hari za su sami fuska da suna, su wa kuma za su fito a madadinsu.

Sauran abin da masu lissafin sunaye kan manta shi ne wurin ɗauka. Almarar tafiya na son kogi da tsibiri da daji, abin da unguwannin Kano ba su da shi. Gaɓar tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, na da su duka, ga matuƙa jiragen ruwa da ake ganin gwanintarsu a bikin Rigata na Yawuri. In aka kawo kyamara Warra ko Shanga, masunta da fatake da 'yan kasuwar cikin labarin ba sai an ɗauko su a mota daga Kano ba. Kafin a kai nan, sai an nemi izinin masu haƙƙin mallakar littattafan, waɗanda kamfanin NNPC na Zariya ya daɗe yana bugawa.