Labarin Gwamna Eboue na Ƙasar Cadi da Shawarar da Ya Yanke a 1940

A cikin watan Yuni na shekara ta 1940 sojojin Jamus suka shiga Faris, babban birnin Faransa. Aka ɗauki mulki aka ba Marshal Petain, tsohon jarumi wanda ya yi suna a Yaƙin Duniya na Farko, shi kuwa ya nemi sulhu. Ran 22 ga wata aka sa hannu a takarda, Faransa ta ajiye makamai, sabuwar gwamnati ta koma wani gari wai shi Bishi, ta zauna ƙarƙashin inuwar Hitila. Amma tun ran 18 ga watan wani janar da ba a san shi ƙwarai ba, ana ce da shi Digol, ya yi magana ta rediyo daga birnin London, ya ce yaƙi bai ƙare ba, duk Bafaranshen da bai yarda da wannan sulhu ba ya zo su gama kai. Sai dai a ran nan Digol ba shi da ƙasa ko taki guda, ba baitulmali, ba runduna. Wanda ya fara ba shi wurin tsayawa a Afirka shi ne Gwamnan Cadi, Felix Eboue, baƙin mutum, maƙwabcin Barno.

An haifi Eboue a 1884 a garin Kayen, can ƙasar Giyana ta Faransa, a Amurka ta Kudu. Kakanninsa bayi ne. Ya yi karatu a Faransa, ya shiga makarantar da ake koya wa masu mulkin ƙasashen waje aiki, sa'an nan aka aiko shi Ubangi Shari, watau ƙasar da yanzu ake kira Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Ya yi shekara wajen 20 yana aikin kwamanda a ƙauyuka. Mutum ne mai yawan rangadi, mai zama da dattawa yana tambaya. Ya koyi harsunan mutanen ƙasar, har ya buga littafi a kansu a 1918, ya kuma bi diddigin yadda suke aika saƙo da ganga. A 1936 aka naɗa shi Gwamnan tsibirin Gwadalup, shi ne baƙar fata na farko da Faransa ta ba wannan muƙami. Da aka ga yaƙi ya gabato, ga Italiya kuma tana riƙe da Libiya tana haɗiyar yawu kan Cadi, sai aka komo da shi Afirka. Ya sauka Fort Lami, garin da aka sāke wa suna Injamena a 1973, a farkon shekara ta 1939. Aikin da ya fara sa wa hannu shi ne gyaran hanyoyin mota da suka nufi arewa, da tara soja.

To, da labarin sulhu ya iso Fort Lami, Eboue ya sami kansa gaba damisa baya siyaki. Manyansa na Burazabil da na Dakar sun bi Bishi, shi kuwa ma'aikaci ne wanda bai taɓa ƙin umurni ba. 'Ya'yansa suna Faransa, biyu daga cikinsu soja ne, sun faɗa hannun Jamus. Ta arewa ga Italiya, ta yamma ga Nijar ta bi Bishi. Amma ya san abin da Hitila yake faɗi game da baƙar fata, ya kuma san ƙasar da yake riƙo. Cadi ba ta da bakin teku. Audugarta da shanunta suna bukatar hanyar Nijeriya, gishiri da tufafi da man mota ta nan yawancinsu ke shigowa. In aka rufe iyaka da Barno, ciniki ya mutu, haraji ba zai taru ba, ba kuwa za a sami abin biyan soja da ma'aikata ba.

Bai yi garaje ba. Ya yi wata biyu cur yana shiri. Ya aika da wakilinsa Ikko wurin Gwamnan Nijeriya, Sir Bernard Bourdillon, don a san abin da Ingilishi za su saya da abin da za su kawo in Cadi ta rabu da Bishi. Ya aika wa Digol da saƙo ta hannunsu. A cikin gida kuma ya yi ta shawara da kwamandoji da 'yan kasuwa da hafsoshi, domin ya san in soja ba su goyi baya ba maganar Gwamna iska ce. Da ya shawo kan shugaban sojan ƙasar, Kanar Marchand, wakilan Digol kuma suka iso daga Ikko, sai ran 26 ga Agusta, 1940, aka tara jama'a a Fort Lami, Gwamna da Kanar suna tsaye tare, aka karanta shela cewa Cadi ta bi Faransa Mai 'Yanci, za ta ci gaba da yaƙi. Gwamnatin Bishi ta tuɓe shi, daga baya ta yanke masa hukuncin kisa ba ya nan.

Kashegari wani hafsa mai suna Leclerc, wanda ya gudo daga hannun Jamus, ya sauka Duwala da dare cikin kwalekwale da mutum ashirin da 'yan kai, Kamaru ta bi. Ran 28 ga wata Burazabil ta bi. Gabon ce kaɗai sai da aka gwabza, a watan Nuwamba. Amma da Digol ya je Dakar da jiragen ruwan Ingilishi a watan Satumba, Gwamna Boisson ya buɗe musu wuta, suka koma ba nasara. Saboda haka Nijar da sauran Afirka ta Yamma ta Faransa suka zauna hannun Bishi har Nuwamba 1942. A cikin wannan tsakani iyakar Katsina da Maraɗi, da ta Kano da Damagaram, ta zama wurin zaman ɗar-ɗar, fatauci ya yi wuya tsakanin 'yan'uwa masu harshe ɗaya.

Amfanin shawarar Eboue bai daɗe ba ya bayyana. Tun da Italiya ta shiga yaƙi a watan Yuni, Bahar Rum ta zama hanya mai hatsari, ga shi kuwa Ingilishi suna bukatar jiragen sama a Masar. Sai aka riƙa kawo jiragen cikin akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a harhaɗa su, su tashi su bi ta Ikko, da Kano, da Yarwa, da Fort Lami, su ratsa Darfur zuwa Kartum, kāna Alƙahira. An fara wannan a watan Satumba 1940, kafin ƙarshen 1943 kuwa jirage fiye da 5,000 sun bi ta wannan hanya. Da Cadi tana hannun Bishi, da tsakiyar hanyar ta zama ƙasar da ba a amince da ita ba. Jamus ma sun san haka, don a watan Janairu 1942 jirginsu guda ya ƙetaro hamada ya jefa bom a Fort Lami, ya ƙone man da aka tara.

Ta wajen yaƙin ƙasa kuwa, Digol ya ba Leclerc sojan Cadi a ƙarshen 1940. Leclerc mutum ne mai zafin nama, ba ya son jira. Ya ɗebi mutum wajen 400, kashi uku cikin huɗu 'yan Afirka ne, da tsofaffin motoci, da igwa guda tak, ya nufi Kufura, wani dausayi mai ganuwa a kudancin Libiya, tafiyar mil wajen 1,000 daga Fort Lami. Ya kewaye ganuwar kwana goma, yana ta sāke wa igwar nan wuri, har na ciki suka zaci igogi ne da yawa. Ran 1 ga Maris, 1941, Italiya suka miƙa wuya. Kashegari ya sa mutanensa suka yi rantsuwa ba za su ajiye makamai ba sai tutar Faransa ta tashi a birnin Sitirasbur. Daga nan suka ci Fazzan, suka isa Tarabulus a Janairu 1943. Rundunar Leclerc ta shiga Faris a Agusta 1944, ta cika rantsuwa a Sitirasbur ran 23 ga Nuwamba.

Sunan Leclerc ya cika duniya, ya kuwa cancanta. Amma motocinsa a kan hanyar da Eboue ya gyara suka bi, hatsin da sojansa suka ci da raƙuman da suka kai mai cikin hamada ta hannun kwamandoji da sarakunan ƙasa aka tara su. Mai takobi ba ya yin nisa sai mai alƙalami ya shirya masa guzuri.

A watan Nuwamba 1940 aka ɗaukaka Eboue ya zama Babban Gwamnan dukan Afirka ta Tsakiya ta Faransa, ya koma Burazabil. Can, ran 8 ga Nuwamba, 1941, ya aika wa ma'aikatansa da wata takarda mai tsawo a kan yadda za a riƙe jama'a. Da ma al'adar Faransa ita ce kwamanda ya naɗa wanda ya ga dama, ko tsohon soja ne ko tafinta, ya ce shi ne sarki, gobe ya tuɓe shi. Eboue ya ce wannan ɓarna ce. A binciko gidan sarauta na asali, a ba mai shi girmansa, kada a mai da shi ɗan aike, kada a wulakanta shi gaban talakawansa, a bar wa jama'a shari'arsu da al'adunsu, gyara kuwa ya fito ta hannun sarki. Wannan ra'ayi ya yi kama da tsarin En'e na Nijeriya ta Arewa, ko da yake shi daga zamansa na ƙauyukan Ubangi ya samo shi.

Duk da haka ba daidai ba ne a ba da labarin nan a ɓoye wanda ya ɗauki nauyin. Faransa Mai 'Yanci ta tatsi dukiya mai yawa daga waɗannan ƙasashe. A zamanin Eboue kansa aka ƙara matsa wa talakawa su kawo roba daga kurmi, su haƙa zinariya, su yi aikin hanya na tilas, su ba da 'ya'yansu soja. Sojan Cadi da suka ci Kufura kuma, yawancinsu ba su ga Faris ba, don an fitar da baƙaƙe daga rundunar Leclerc kafin ta ƙetare zuwa Turai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Taron gwamnoni da Digol ya kira a Burazabil a farkon 1944 ya yi alkawarin gyara, amma ya ƙi maganar mulkin kai, aikin tilas kuwa sai a 1946 aka soke shi da doka.

Eboue bai ga ƙarshen yaƙi ba. Bayan taron nan ya tafi Masar don ya huta, ciwo ya kama shi, ya rasu a Alƙahira ran 17 ga Mayu, 1944, yana da shekara 59. A 1949 aka ɗauko gawarsa aka kai Faris, aka sa ta a Fantiyon, ginin da Faransa ke binne manyan mutanenta.

Abin lura ga duk wanda aka ɗora wa riƙon jama'a, ko hakimi ne, ko ma'aji, ko malamin ofis, shi ne shawarar da aka karanta cikin sa'a guda ran 26 ga Agusta ba a ran nan aka ƙulla ta ba. Shekara 30 na rangadi, da jin harshen mutane, da sanin inda abincin ƙasa ke fitowa, su suka nuna masa hanya sa'ad da umurnin da ya zo daga sama ya zama ba abin bi ba. Ya nemi shawarar na ƙasa da shi, ya daidaita da maƙwabci, ya jawo soja a jiki, sa'an nan ya sa wuyansa da na 'ya'yansa. Ladan nasarar kuwa, in za a raba shi bisa gaskiya, manomin auduga da mai raƙumi da sojan da aka bari a Afirka suna da kaso babba a ciki.