Sufurin kwale-kwale a Gulbin Rima

Sufurin kwale-kwale a Gulbin Rima shi ne jigilar mutane da kaya ta ruwa a gabashin jihar Sakkwato, musamman a ƙananan hukumomin Goronyo da Wurno. Gulbin yana bi ta waɗannan yankuna kafin ya haɗu da Gulbin Sakkwato, wanda ya ratso ta ƙasar Rabah.

Girman jirgi da zurfin ruwa su ke yanke inda za a iya zuwa. Da damina, idan gulbi ya cika, manyan jiragen katako masu inji kan kai manoma da 'yan kasuwa ƙauyukan da ambaliya ta raba da hanyar mota. Da rani ruwa kan janye, rairayi ya fito, sai ƙananan kwale-kwale da ake turawa da gora ke iya wucewa. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ita ma tana sauya yawan ruwan da ke gangarawa Wurno.

Lodi fiye da kima da rashin rigar kariya na cikin manyan dalilan haɗari. A watan Agustan 2025 wani jirgi ɗauke da fasinjoji fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo.