Hukuncin Zauren Sarki: Jiya da Yau a Sabo

Tun da aka kafa unguwarmu ta Sabo a Ibadan a 1916, cinikin shanu da goro ne ya riƙe ta. Falke ya sauko da shanu daga Arewa ya sauka a gidan maigida, dillalin maigida ya sayar wa mahautan Yarabawa, yawanci bashi, ba takarda ba sa hannu. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya falke daga aljihunsa.

Inda ake bashi kuwa ba a rasa rigima. Wani ya ce an rage masa kuɗi, wani ya ce goron da aka aika masa ya lalace a hanya. Iyayenmu ba sa garzayawa kotu. Manyan masu gidaje ake fara kai wa, in ta gagara a tafi zauren Sarkin Hausawa. Sarki ba shi da kurkuku, amma hukuncinsa na tsayawa, domin wanda ya bijire ya rasa amana: babu mai ba shi bashi, babu falken da zai sauka gidansa. Bature mai bincike Abner Cohen ya bayyana wannan tsari a littafinsa na 1969.

Yau abin ya canja. Mutum ya zauna gaban dattawa, hukunci bai yi masa daɗi ba, gobe ka gan shi da lauya. To, shin hukuncin dattawa na ɗaure mutum a doka?

E, amma da sharaɗi. A 1991, a shari'ar Agu da Ikewibe, Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan hukunci na gargajiya. Kotu tana duba ko ɓangarorin biyu sun je da yardarsu, sun yarda hukuncin zai ɗaure su, an bayyana shi, kuma ba su yi watsi da shi a lokacin ba. Dokar sasanci ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, tana buƙatar yarjejeniya a rubuce. In akwai ta, kotu na iya tilasta bin hukuncin.

Da can magana zarar bunu ce, kowa na tsoron janye ta. Yanzu da kuɗi suka yi yawa kunya ta yi ƙaranci, 'yan kasuwarmu su rubuta tun ranar ƙulla ciniki wanda zai raba gardama, kowa ya sa hannu gaban shaidu.